Masallacin Juma'a na Zariya da Asalin Ginin Masallaci a Musulunci

Idan aka ce wa yaron makaranta a Samaru ko Sabon Gari ya zana masallaci, abin da zai fara zanawa shi ne ƙubba mai kama da ƙwarya a kife, sa'an nan doguwar hasumiya, da jinjirin wata a bisa kanta. Abin da idonsa ya saba gani ke nan a kalanda da sababbin masallatan unguwa, kuma galibin manya ma haka suka ɗauki al'amarin. To, amma babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan uku a masallacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya gina a Madina. Wannan takarda za ta bi sawun ginin masallaci tun daga Madina har zuwa ƙofar fadar Zazzau, domin a ga inda tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya ya tsaya a cikin wannan tarihi. Maganar ta shafi ɗalibai masu koyon tsara gine-gine, ta kuma shafi ma'aikatan hukuma waɗanda ta hannunsu takardun rushewa da na ginawa suke bi.

Daga Madina zuwa Dimashƙa

Masallacin Madina, wanda aka gina a shekarar hijira, watau 622, fili ne mai kusurwa huɗu da aka kewaye da bangon tubalin ƙasa. A ɓangaren alƙibla aka kafa gumagumen dabino, aka shimfiɗa ganyen dabino da ƙasa a kai domin inuwa. Idan an yi ruwa rufin yakan yi yoyo, har akan yi sujada a cikin laka. Da farko ana fuskantar Baitul Maƙdisi ne. Da aka juya alƙibla zuwa Ka'aba bayan wata goma sha shida ko sha bakwai, sai aka mai da rumfar salla ɓangaren kudu, a ɗaya ɓangaren kuwa matalautan sahabbai suka sami wurin kwana. Bilal yakan hau rufin wani gida mai tsawo a kusa ya kira salla. Mumbari ma daga baya aka sassaƙa shi, mai 'yan matakai kaɗan. Kafin nan da kututturen dabino ake jingina a yi huɗuba. A wannan fili ake salla, a nan ake karatu, a nan ake yanke hukunci da karɓar baƙi.

Abu biyu ne suka tsara wannan gini, alƙibla da sahu. Tun da yake jama'a suna tsayawa ne kafaɗa da kafaɗa, kuma sahun farko ya fi lada, sai ginin ya nemi faɗi fiye da zurfi. Wannan ne ya bambanta shi da majami'un Rumawa na lokacin, waɗanda suke dogaye ne daga ƙofa zuwa ƙurya. Duk abin da aka ƙara daga baya, a kan waɗannan biyu aka ɗora shi.

Garuruwan da rundunonin Musulmi suka kafa sun bi wannan tsari. A Kufa, wajen shekarar 638, masu tarihi sun ce wani maharbi aka sa ya harba kibiya ta kowace fuska, inda kibau suka faɗi nan ne iyakar masallaci, aka haƙa rami aka kewaye. Amru ɗan Asi ya gina nasa a Fusɗaɗ ta Masar wajen 642, Uƙba ɗan Nafi'u kuma ya kafa na Ƙairawan a 670. Da Halifa Umaru ya sa a faɗaɗa masallacin Madina, umurnin da ya bai wa magini shi ne a kare mutane daga ruwan sama, a guji shafa ja da rawaya don kada su ɗauke hankalin masu salla.

Sauyi ya zo ne a zamanin Banu Umayya, sa'ad da daula ta koma Sham, ƙasar da take cike da manyan majami'u na dutse. Musulmi suka ga bai kamata wurin ibadarsu ya kasa na talakawan da suke mulka ba. Abdulmalik ɗan Marwan ya gama Ƙubbatus Sahra a Ƙudus wajen 691 zuwa 692. Ɗansa Walid ya gina babban masallacin Dimashƙa daga 706 zuwa 715, ya kuma sa gwamnansa na Madina, Umaru ɗan Abdul'aziz, ya sake ginin masallacin Annabi. A wannan aiki ne, bisa ga yawancin masu tarihi, aka fara yin mihirabi, watau lungun nan da ake fafewa a bangon alƙibla. Ashe ke nan sai da aka yi shekara tamanin da 'yan kai bayan hijira kafin mihirabi ya shiga masallaci. Daga nan kowace ƙasa ta ɗauki tsarin ta gina shi da abin da take da shi: ginshiƙan marmara a Ƙurɗuba daga 785, jan bulo a Samarra ta Iraƙi wajen 850, jan bulo da farar ƙasa a masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira wanda aka gama a 879.

Game da ado, ya kamata a ɗan dakata. Bangon masallacin Dimashƙa an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya, an jera su sun fitar da itatuwa da koguna da gidaje. Masu aikin sun gaji sana'ar ne daga Rumawa, amma a duk faɗin bangon babu mutum babu dabba. A cikin Ƙubbatus Sahra kuwa akwai rubutun Larabci irin na Kufa da ya kewaye ginin, tsawonsa ya kai kimanin mita 240. Da aka rufe ƙofar surar mai rai a wurin ibada, sai hikimar masu sana'a ta kwarara ta hanyoyi uku: rubutu, da zanen ganye da reshe, da zanen lissafi mai kusurwoyi da da'irori. Duk da haka malamai ba su saki jiki ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, an karhanta ƙawata bangon alƙibla da abin da zai shagaltar da mai salla. Wannan ja-in-ja tsakanin sarki mai son ƙawa da malami mai tsoron shagala ta biyo masallaci duk inda ya je, kuma za a sake cin karo da ita a Zariya.

Ƙetare Sahara

Ta hanyar fatake da malamai tsarin ya ƙetaro hamada. A Tambutu, bayan Mansa Musa ya dawo daga hajjinsa na 1324, aka gina masallacin Jingareber wajen 1327, ana kuma danganta aikin ga Abu Ishaƙ Assahili mutumin Andalus. A Agadas akwai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, wadda asalinta yake komawa ga farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844. A ƙasar Hausa, littafin tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, aka gina masallaci a gindin itaciyar da ake yi wa tsafi. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina masallacin Juma'a, a zamanin da Shaihu Magili ya ziyarci Kano. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ita ce shaidar da ta rage a tsaye ta wancan zamani.

Shugabannin jihadi na ƙarni na 19 ba su damu da hasumiya ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in da suka shiga masallatai a littafinsa Ihya'us Sunna, kuma masallatan da aka gina bayan jihadi sun karkata ga sauƙi irin na Madina. A yawancinsu ladan yakan hau 'yan matakai ne a jikin bango ya kira salla, kamar yadda Bilal ya hau rufin gida. A cikin wannan yanayi aka gina masallacin Zariya.

Aikin Babban Gwani

Malam Musa ya karɓi Zariya a 1808, Sarki Makau ya yi kudu. Bayan Malam Musa sai Yamusa, sa'an nan Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa aka gina masallacin Juma'a a gaban fada. Maginin shi ne wanda aka sani da laƙabin Babban Gwani. Wasu suna kiransa Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu. Har yau akwai unguwa a cikin birni mai sunansa, kuma a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai gidan da ake danganta masa. Labarin baka ya ce bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da dama, saboda haka abin da yake nunawa shi ne girman da mutane suka ba aikin mutumin.

Abin da ya gina ya ƙunshi babban ɗakin salla, da haraba mai katanga, da zauruka na shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a a ɓangaren alƙibla. Wanda ya tuna cewa a masallacin Madina ake yanke hukunci zai gane dalilin haɗa salla da shari'a a haraba ɗaya. Alƙiblar Zariya gabas ce maso arewa, shi ya sa Bahaushe yake cewa ya fuskanci gabas idan zai yi salla, alhali mutumin Dimashƙa kudu yake fuskanta.

Gwanintar tana cikin rufin. Matsalar magini a ƙasar Hausa ita ce itace. Gara tana cinye kusan kowane katako, in ban da azara, watau giginyar da aka tsaga, musamman namijinta. To, azara kuwa idan aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya ƙetare fili fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Mai son ɗaki mai faɗi sai dai ya cika shi da ginshiƙai kusa da kusa, har liman ya ɓace wa na sahu na uku. Dabarar da magina Hausawa suka ɓullo da ita ita ce bakan gizo. Daga jikin bango ko ginshiƙi ake dasa azara a karkace, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sa'an nan a ɗora wani jerin azara a kan na farko, ya ɗan zarce shi, ya ƙara sunkuyawa ciki, shi ma a ɗaure a yaɓe. Haka ake yi daga ɓangarorin biyu, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun su haɗu a sama a ɗinke su da azara ta kwance. Ba a kafa wani katako a ƙasa don tallafe shi yayin gini, kamar yadda maginan dutse suke yi. Idan bakuna biyu ko fiye suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake gicciya itace a bakin gugan rijiya. A kan wannan ƙashi ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, rufi ya tashi ya zama tulluwa.

Wanda ya dubi bakan gizo zai zaci ɗan'uwan bakan dutse ne na Ƙurɗuba ko Ƙairawan, amma aikinsu daban ne. Bakan dutse yana tsayawa ne domin kowane dutse yana danne na kusa da shi. Bakan gizo kuwa azarar da take ciki ita take riƙe ja, ƙasa tana riƙe danni, kamar dai yadda rodi da kankare suke raba aiki a ginin zamani. Labelle Prussin, wata masaniya 'yar Amurka, ta kawo ra'ayi a littafinta na 1986 cewa asalin wannan siffa daga lanƙwasassun sandunan bukkar makiyaya ne, Fulani da Buzaye. Ra'ayin yana da daɗin ji, kuma ya dace da zamanin jihadi, sai dai tsakanin lanƙwasa tsumagiya da ɗaga tan-tan na ƙasa a kan jama'a akwai tazarar da sai gadon sana'a ne yake cike ta, kuma wannan gado a gidajen magina na birane yake, ƙarƙashin Sarkin Magina.

Babban Gwani ya ɗauki dabarar da ake rufa zaure ɗaya da ita, ya jera ta ta rufe ɗakin da zai ɗauki sahu bayan sahu. Ya tayar da manyan ginshiƙai, waɗansu tagwaye, bakuna suna fita daga jikinsu ta fuskoki daban-daban kamar rassan kuka. Wanda ya shiga daga hasken rana sai idonsa ya ɗan jima kafin ya saba da duhun wurin, sa'an nan ya ji sanyi, domin bango mai kauri yakan tsare zafin rana har yamma.

Adonsa ma abin lura ne. A jikin ginshiƙai da bakuna aka fitar da zane da ƙasar kanta tun tana ɗanya: layuka masu zurfi a tsaye, da kusurwoyi uku-uku, da da'irori. Babu surar mai rai, babu ruwan zinariya, kuma zanen yana bin ƙirar ginin ne, yana nuna inda nauyi ya bi ya sauka. Wanda ya gwada shi da adon fuskar gidajen attajirai na Zariya na ƙarni na 20, masu dagi da launuka har da hoton keke da agogo, zai ga bambancin natsuwa. A nan sarki ya sami ƙawar da yake so, malami kuma bai sami abin da zai yi inkari a kai ba.

Launin da aka hana bango ya sami wurin zama a takarda da allo. Mahaddatan da suke rubuta Alƙur'ani da ka, da rubutu irin na Magariba, sukan sa baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, su kuma ƙawata alamar hizbi da ta sujada da da'irori masu launi. A farkon kowane rubu'i akan cika shafi da zayyana mai murabba'ai da saƙa. Yaron da ya sauke akan yi masa allon zayyana ya zaga da shi gidajen 'yan'uwa. Dukawa kuma suna ɗinka gafaka. Wannan shi ne reshen ƙasar Hausa na waɗancan hanyoyi uku da aka ambata a Dimashƙa da Ƙudus, kuma a hannun alarammomi yake, mutanen da ba a cika lissafa su cikin masu fasaha ba idan ana taron zane-zane.

Jirgin ƙasa, kwano da siminti

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya ta wuce Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya tashi a gefen tasha. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga shi ya kawo kwanon rufi da siminti. Mazauna Sabon Gari, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu da arewa, ba su da gidan magina na gado a kusa, kuma kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Masallatansu suka zama na bulo da kwano. A farkon shekarun 1950 aka gina sabon masallacin Juma'a na Kano, mai ƙubba da hasumiyoyi biyu, a gurbin tsohon na ƙasa. Daga baya yawan zuwa hajji ta jirgin sama da kuɗin man fetur suka ƙarasa aikin: kowane gari yana son masallaci irin wanda alhazai suka gani. Ginin ƙasa ya zama alamar talauci.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne masana suka farga da darajar abin da ake watsarwa. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine mutumin Folan, ya auna masallacin Zariya tare da mataimakansa 'yan Nijeriya, ya zana shi dalla-dalla, kuma da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. J. C. Moughtin ya buga maƙala a kan masallacin a 1972 a mujallar Savanna ta Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya fitar da littafi a kan ginin Hausa a 1985. Hamman Tukur Sa'ad, na sashen tsara gine-gine a Samaru, ya zauna da magina ya rubuta digirinsa na uku a kan hikimarsu a Jami'ar Mishigan a 1981. A shekarun 1970 kuwa, da jama'a suka yi wa masallacin yawa, aka yi sabon gini na kankare wanda ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon ɗakin salla, sassan waje na aikin Babban Gwani suka tafi.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da hannun mutane. Kafin damina akan duba indararo, a toshe tsaga, a sake shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa. A Jenne ta ƙasar Mali, inda aka sake gina babban masallaci a 1907, gari duka yakan fito rana ɗaya a shekara a yaɓe shi, shi ya sa yake tsaye. Kuma ƙasa tana bukatar ta sha iska. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshin da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul. Magini na gado ya san wannan, amma ba kasafai ake kiransa ba idan an zauna rabon kwangila.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata. An rasa rayuka, waɗansu kuma suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ya kusa cika shekara 190 a lokacin.

Akwai sauran irinsa a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Zazzau da Katsina da Kano da Damagaram, ƙanana, marasa suna, waɗanda ake salla a ƙarƙashin bakan gizonsu sau biyar a rana. Kowannensu wata rana takardarsa za ta iso teburin wani ma'aikaci, ko dai ta neman rushewa ko ta neman gyara. Mai rushewa yana da hujja, domin ran mutum ya fi gini. Mai gyara kuwa zai bukaci abubuwan da ba a sayarwa a shagon kayan gini na Sabon Gari: ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta kwana, da katsi daga marinar da har yanzu take aiki, da maginin da ya koyi ɗaurin guga a hannun ubansa, da azarar namijin giginya, itaciyar da takan yi shekaru da yawa kafin ta isa sara.